Muhawara: Da gaske an gano kakan ƙadangaru masu tashi?

Malam Sani: Jama'a, ni a ganina magana ta ƙare. Terosor, ƙadangarun nan masu fiffike da suka fara tashi sama fiye da shekara miliyan 210 da suka wuce, an gano kakansu. Lagerpetid ne, wasu ƙananan dabbobi masu dogayen ƙafafun baya da ba su da fiffike. Martín Ezcurra da abokan aikinsa suka nuna haka a mujallar Nature a 2020.

Hauwa: Malam, da girmamawa, ba kaka suka ce ba. Dangi mafi kusa suka ce. Ɗan baffanka ba shi ya haife ka ba, kakanku ne ɗaya. Wannan kakan kuwa har yau ba wanda ya tono ƙashinsa.

Bashir: Ni dai ku fara fahimtar da ni, ashe ba dainoso ba ne mai tashi? Kuma ba su suka zama tsuntsaye ba?

Hauwa: A'a Bashir. Tsuntsaye daga dainoso suka fito. Terosor reshensa daban, kuma ya ƙare ƙurmus shekara miliyan 66 da suka wuce. Fiffikensa ma fata ce, wadda yatsa na huɗu ya yi tsawo ya miƙar da ita.

Malam Sani: To na ji, dangi. Amma ki duba hujjar. Sun sa ƙoƙon kai a na'urar CT irin ta asibiti, suka leƙa cikin kunne. Ƴan bututun nan masu lanƙwasa da ke hana jiri su daidaita jiki, siffarsu a lagerpetid ta yi kama da ta terosor. Sashen ƙwaƙwalwa mai haɗa motsin ido da kai shi ma babba ne a dukansu. Ke nan kayan aikin tashi sun fara taruwa tun dabbar tana gudu a ƙasa. Ga kuma Scleromochlus, wani ɗan ƙaramin mai kama da ƙadangare na Elgin a Sikotilan, wanda aka bayyana tun 1907, tsawonsa bai wuce santimita 20 ba. Ƙashinsa ya narke, sai gurbinsa ya rage a cikin dutsen yashi, shi ya sa aka shekara ɗari ana gardama a kansa. Da aka ɗauki hoton guraben a 2022, sai ga shi ya faɗa cikin dangin lagerpetid da terosor.

Yaya Ummi: Sani, duk abin da ka lissafa a kai da kunne yake. Ina fiffiken? Eudimorphodon da aka tono kusa da Bergamo a Italiya a 1973 yana cikin tsofaffin terosor da aka sani, kuma fiffikensa cikakke ne, ba rabi ba. Tsakanin mai gudu da mai tashi ba mu da ko guda ɗaya. Wannan giɓin shi ne ainihin tambayar.

Bashir: Na taɓa ganin zanen wani Sharovipteryx na Kirgistan mai fata a jiki, ko shi ne na tsakiyar?

Yaya Ummi: Fatarsa a ƙafafun baya take, na terosor a hannu. Yawancin masana sun fitar da shi daga lissafi.

Malam Sani: Yaya, giɓin bai ba ni mamaki ba. Dabba ƙarama mai siririn ƙashi da wuya ta zama dutse, balle idan a kan bishiya take rayuwa. Venetoraptor, wani lagerpetid da aka bayyana daga Barazil a 2023, yana da baki irin na tsuntsu da manyan hannaye masu farata lanƙwasassu, waɗanda wasu ke ganin na hawan bishiya ne.

Hauwa: Amma Scleromochlus ɗinka ɗan gudun ƙasa ne, Malam. Misalanka biyu suna jan juna: ɗaya na cewa daga bishiya aka diro, ɗaya na cewa daga ƙasa aka yi tsalle. Wanne ka ɗauka?

Malam Sani: Bishiya na ɗauka. Dirowa daga reshe ta fi tsalle daga ƙasa sauƙi ga dabbar da fatarta ba ta gama zama fiffike ba.

Yaya Ummi: Zan bi ka ranar da aka tono mai yatsa na huɗu da ya fara tsawo, da alamar fata a jikinsa.