Neman kalma: me za mu kira understeer da oversteer?

'Yan'uwa direbobi da makanikai, ku taya ni da kalmomi biyu na masu tseren mota a filin ƙasa: understeer da oversteer. A bakinmu duk "santsi" ne, ko "mota ta ƙwace". Wannan bai wadatar ba, domin abin da ke gyara ɗaya shi ke ƙara dagula ɗayan.

Na farko, wato understeer, shi ne ka shiga kwana, ka karya sitiyari, amma tayoyin gaba su sake ƙasa, motar ta miƙe abinta. Mota mai ja da gaba, irin Golf, ta fi wannan hali. Sabon hannu sai ya ƙara murɗa sitiyari, tayoyin kuwa sai huɗar ƙasa kawai suke yi. Abin yi shi ne ka sassauta totur, ka ɗan warware sitiyarin, nauyi ya dawo gaba, taya ta kama. Ni dai "taurin kai" nake ganin ya dace. Dama "kan mota" muke cewa, kuma ga shi an juya ta ta ƙi juyuwa.

Na biyun, wato oversteer, ya fi ba ni wuya. Nan bayan motar ne ke zamewa waje, hancinta ya dubi cikin kwana. Duk wanda ya taɓa jan Pijo 504 a hanyar burji bayan yayyafi ya san shi, don da baya take turawa. Irin motar da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ce, ita ce kuma ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Maganinsa: ka mayar da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, idonka na kan inda kake son zuwa, kada ka danne birki.

Wani ya kawo "kaɗa wutsiya". Tana da daɗi, Malam, amma kaɗawa ai kai da komo ce. Mu ajiye ta ga motar da aka makara wajen gyara mata sitiyari, bayanta ya riƙa lilo dama da hagu. "Zamewar baya" kuma tana nuna kamar tsautsayi ne, alhali a kan ƙasa da gangan ake nemansa. Direbobin Finlan sun yi suna da taɓa birki da ƙafar hagu yayin da ta dama ke kan totur, don baya ya yi sauƙi ya juyo. A gasar 'yan koyo ta RallyCross a Amurka, inda kowace robar alama da ka ture ke jawo maka ƙarin daƙiƙa 2, mai Golf ɗin da bai iya wannan ba yana barin lokaci a kowace kwana.

Shi ya sa na tsaya kan "yar da baya". Tana ɗaukar duka biyun, na tsautsayi da na gangan: "mota ta yar da baya", ko "na yar mata da baya". A gareji ma kalmomin nan za su yi aiki: ka ce wa makanike taurin kai ya yi mata yawa, ya ƙarfafa sandar da ke hana jirkicewa ta baya.

Ogoginmu na garejin Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram, in akwai wadda kuke faɗa tun da can, ku kawo ta, ita za mu bi.