Me za mu kira abin da ke zuƙo baƙin mai daga injin jirgin ruwa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa ga abin da Turawa ke kira "oil extractor". Gora ce mai hannun bugawa kamar famfon keke, da siririn tiyo da ake zura wa ta ramin geji, wato ƙarfen da ake auna yawan man inji da shi. Da ita ake yi wa injin dizal na cikin jirgi juye, tunda injin a kwarmin jirgi yake zaune, ba wurin da za a tara roba a ƙarƙashinsa balle a kwance noti. Juye, baƙin mai, filta, geji duk muna da su. Wannan ɗin ne ba shi da suna.

Bakaniken bakin ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, ni ƙaho zan ce. Aikin wanzami ne sak: a kafa, a janye iska, mataccen jini ya biyo. Famfon ba ya taɓa man, iskar cikin gorar yake fitarwa, man ya hau da kansa. Bugu goma zuwa ashirin, sai ka saki hannu ka zuba ido.

Malamin Hausa: Kwatancen ya yi daɗi, amma ƙaho ya riga ya yi nauyi: na sa, na busa, na wanzami. A rubuce mai karatu zai zaci hon ake nufi. Muna da hanyar ƙirar sunan kayan aiki: buɗe ya ba da mabuɗi, girbe ya ba da magirbi, taje ya ba da mataji. Zuƙa sai ta ba da mazuƙi. Mazuƙin baƙin mai, jam'i mazuƙai.

Mai fassara: Matsotsi fa?

Tsohon injiniya: A'a, ɗana, bar wannan. Tsotsa da baki ake yi, kuma kun san yadda yara ke jan fetur da tiyo. Kada sunan ya sa wani ya gwada da tsohon baƙin mai, wanda ko a fata ba a so ya daɗe. Mazuƙi ya fi.

Tunda za ka rubuta, rubuta aikin daidai. A tabbata bawul ɗin ruwan sanyaya inji a buɗe yake, a tayar da inji ya yi kamar minti goma, a kashe. Mai mai sanyi kauri gare shi, ta siririn tiyo sai ka wuni. Mai tafasa kuma yana laushe tiyon roba har ya lotse. Ɗumi ake so, wanda za ka iya dafa jikin inji ba ka janye hannu ba. A buɗe murfin zuba mai don iska ta shiga. A zare geji, a jera shi da tiyon, a naɗa salatef a daidai tsawonsa. Nan ne mutane ke kuskure: suna ta tura tiyo, ya taɓa ƙasa ya lanƙwashe, bakinsa ya koma sama da mai, sai a ji shan iska a ce ai ya ƙare, alhali rabi na ciki. Da ka ji ya taɓa ƙasa, tsaya. Sannan ka karanta layukan jikin gorar. In littafin injin ya ce lita 4 ka zuƙo 2, gyara zaman tiyon. Ɗan ragi kam dole ne, wani yana cikin filta.

Bakaniken bakin ruwa: Baba ya gama magana, na janye ƙahona, ko da yake a gareji shi zan ci gaba da faɗa. Amma ɓarin ba a mazuƙi yake ba, a filta yake. Da yawa a kwance aka ɗaura ta a gefen inji, kana sassautawa tana zubarwa. Shimfiɗa famfas ɗin yara a ƙarƙashi, yana shan mai fiye da tsumma. Sassauta da sifanar bel kaɗan kawai, sannan ka sa mata leda mai kauri kamar safa, ka ƙarasa kwancewa da hannu, ta faɗa cikin ledar da man da ke cikinta. Duba mazauninta da kyau. Zoben robar tsohuwar yakan maƙale a jikin inji, in aka ɗora sabuwa a kansa zobe ya zama biyu, ana tayarwa mai zai yi feshi ya ƙare cikin ɗan lokaci. Shafa sabon mai a zoben sabuwar, murɗa har ya taɓa, ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Da hannu, ban da sifana.

Malamin Hausa: Filta ma ai muna da mataci.

Bakaniken bakin ruwa: Ranka ya daɗe, je kasuwar kayan gyara ka ce a ba ka mataci, za a nuna maka layin masu koko. A bar filta.

Tsohon injiniya: Abu ɗaya kafin a taɓa komai: a kashe famfon da ke kwashe ruwan kwarmin jirgi, musamman mai tashi da kansa. In mai ya zuba can ƙasa, shi zai watsa shi cikin kogi. Kuma kada a bi shi da omo, ba ya kawar da mai, tarwatsa shi yake yi a ruwa. Wajen zuba sabon mai a sa mazurari, mai lamba 15W-40 ko abin da littafi ya ce, a rage kamar rabin lita. A tayar, a ga fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, a shafa gindin filta da farin tsumma. A kashe, a jira minti biyar zuwa goma, a cika zuwa tsakanin layi biyu na geji. Wuce layin sama yana sa mai kumfa, ya kuma fasa sil, wato robar da ke hana mai yoyo.

Ɗan tafki: Tambaya, Baba. Injinan da ake ratayawa a bayan kwalekwale a Kainji da Tafkin Chadi, irin Yamaha Enduro 40, su ma mazuƙin ne?

Tsohon injiniya: Waɗannan da ake gauraya musu mai da fetur ba su da tukunyar baƙin mai, ba abin zuƙowa. Man giya na ƙafar farfela ake canjawa. Noti biyu ne, a tara roba, a kwance na ƙasa sannan na sama. Sabon man ta ramin ƙasa ake tura shi har ya leƙo ta sama, a fara ɗaure na sama, da sababbin washa. In tsohon ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi zaren kamun kifi ne ya naɗe a bayan farfela ya cinye sil.

Mai fassara: Na gode, Baba. Na rubuta mazuƙin baƙin mai. Kwarmin jirgi ma na ɗauka, sai dai in masu jirgi suna da tasu kalmar.

Ɗan tafki: Mu ciki kawai muke cewa. Amma rubuta kwarmi, ciki ya haɗa har da inda fasinja ke zama.