Neman kalmar Hausa: me za mu kira "compiler"?

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina koyar da matasa rubuta manhaja a wata ƙaramar cibiya a nan Birnin Kebbi, kuma yawancin bayanina da Hausa nake yin sa, domin na lura abin da yaro ya ji da harshen gida ya fi zauna masa. A makon jiya gardama ta kaure tsakanin ɗalibaina a kan harsunan rubuta manhaja biyu, Python da C, wanne ya fi, sai na ga ba zan iya raba ta ba sai na bayyana musu abin da Turawa ke kira "compiler", wato manhajar da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta ta mayar da shi harshen inji, wanda babu komai a cikinsa sai sifiri da ɗaya. Na ce musu "kwampaila", suka rubuta, amma fuskokinsu sun nuna sunan bai gaya musu komai ba. Ina neman shawarar malamai.

Ɗalibi, Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam, Malam. Na duba ƙamus, ma'anar kalmar ita ce tattara abubuwa wuri guda, don haka ina ganin "mai tattarawa" ya wadatar.

Tsohon malamin lissafi, Gusau:
Ɗana, ƙamus bai yi ƙarya ba, amma ya ba ka labarin jiya ne. Sunan ya samo asali daga zamanin Grace Hopper, wadda a 1952 ta rubuta wata manhaja mai suna A-0 a Amurka, kuma aikin wannan manhajar da gaske tattarawa ne: takan ɗauko gutsattsarin umarni da aka riga aka ajiye ta jera su. Daga baya aikin ya canza, suna ya tsaya inda yake. Ko da John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fitar da FORTRAN a 1957, sunan da suka ba harshen nasu taƙaitawa ce ta "fassarar ƙa'idojin lissafi", wanda ke nuna su kansu sun san fassara suke yi. Idan muka ce "mai tattarawa", mun gaji kuskuren da masu abin suka daɗe da wucewa, kuma yaro zai tambaye ka me ake tattarawa, ka rasa amsa.

Ni shawarata a ce "mafassari". Dalilina shi ne kalmar ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokiyar tagwaitaka, "interpreter", kuma wannan Hausa ta riga ta are ta tun zamanin Turawan mulki ta mayar da ita "tafinta". Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kamba ya ga yadda wani ke tsayawa tsakanin Bahaushe da mai jin Zabarmanci ko Faransanci kaɗai, ya san aikin tafinta: a faɗi jimla ya juya, a faɗi wata ya juya, kuma gobe idan za a maimaita cinikin sai an sake nemo shi. Mafassari kuwa yakan karɓi takarda gaba ɗayanta, ya zauna ya gama, ya miƙa ya tafi gida, a yi ta karantawa ba tare da shi ba. To, Malam, ga gardamar ɗalibanka nan a cikin kalmomi biyu. C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen 1972, da mafassari yake aiki, shi ya sa manhajarsa ke gudu, shi ya sa kuma da shi aka rubuta zuciyar Linux, babbar manhajar da ke ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holand ya fitar a 1991, da tafinta yake tafiya, yana da sauƙin koyo da saurin gwaji, amma kowace sadara sai ta jira a juya ta.

Malamar Hausa, Argungu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, na gamsu, kuma nahawu yana bayanka. Hausa tana gina sunan kayan aiki da "ma" a gaba da "i" a baya, kamar mabuɗi da magogi da masassabi, kuma abin da ya bambanta shi da sunan mai aikatawa shi ne karin sauti da jam'i. Mutum mai fassara jam'insa mafassara, amma kayan aiki karinsa duk sama yake, jam'insa kuma mafassarai, kamar yadda muke cewa mabuɗai. Na so in kawo "tarjama", ganin mutanen Zamfara sun san ta sarai ta hanyar aikin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi, amma kalmar ta ɗauki nauyin addini a kunnen jama'a, gara a bar ta a wurinta.

Mai rubuta manhaja, Zuru:
Ina girmama malamai, amma ban yarda ba tukuna. Na farko, rabon bai kai yadda aka tsara shi tsabta ba: Python ma yakan fara juya rubutun mutum zuwa wani harshe na tsakiya kafin tafinta ya karɓa, haka ma harshen Java da ya fito a 1995. Na biyu, wanda ya fi damuna, yaron nan da Turanci zai rubuta jarrabawa, da Turanci kwamfuta za ta gaya masa ya yi kuskure, da Turanci zai nemi mafita a intanet da ɗan datan da ya saya. Idan ya saba da "mafassari" ya je neman aiki Abuja aka ce masa "compiler" ya yi shiru, wa ya cuce shi? Tafinta ɗin da muke yabo ai aro ne, kamar mota da asibiti. Me ya sa aro ya halatta jiya, yau kuma ya zama abin ƙi?

Tsohon malamin lissafi, Gusau:
Maganarka ta farko gaskiya ce, amma ba ta rushe kalmomin ba, ƙarfafa su ta yi. Ka ga yanzu kai da kanka za ka iya ce wa yaro Java yana da mafassari da ke kai rubutu rabin hanya, sannan tafinta ya ƙarasa, kuma zai gane nan take, abin da "kwampaila" ba zai taɓa yi masa ba. A kan ta biyu, ba aro nake ƙi ba. Tafinta ya shiga Hausa ne domin mutane sun ga mutumin tsaye a gaban joji da idanunsu, ma'ana ta riga suna zuwa. Wannan kuwa aiki ne da ido ba ya gani, don haka dole sunan ya ɗauki wani ɓangare na bayanin. Babu wanda ya ce a ɓoye wa ɗalibi kalmar Turanci. A rubuta ta a allo ranar farko, ya haddace ta don jarrabawa, amma a yi tunani da wadda ke da ma'ana a kansa.

Mai rubuta manhaja, Zuru:
Idan da sharaɗin za a rubuta duka biyun a allo ne, ranka ya daɗe, na janye rabin ƙorafina. Sauran rabin ina riƙe da shi har in ji yara da kansu suna faɗin kalmar a shagon gyaran waya, ba a aji ba.

Malamin kwamfuta, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Na gwada jiya da yamma da aka kawo wuta. Na sa su rubuta ƙaramar manhaja iri ɗaya da harsunan biyu, na ce kowa ya ɓata sunan wani abu a sadara ta ƙarshe da gangan. C ya ƙi tashi sam, Python kuwa ya yi ta aiki har ya isa wurin sannan ya tsaya. Kafin in buɗe baki wata ɗaliba ta ce ai mafassari ya karanta takardar duka ne shi ya sa ya ƙi karɓa, tafinta kuwa bai san akwai matsala ba sai da aka zo kanta. Masu goyon bayan C suka ce wannan ya nuna nasu ya fi tsare amana, masu Python suka ce ko ba komai nasu ya yi wani abu kafin ya faɗi, gardama ta koma sabuwa. Malama, a littafin darasi zan rubuta jam'in "mafassarai" kamar yadda kika ce, amma na tafinta fa, "tafintoci" za mu bari ko da na inji ne?