Shin rubuta wa yara littattafai da Hausa zai iya riƙe mutum?

Malamar Aji Uku:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare, kuma shekara tara ke nan ina koyar da 'yan aji uku. A tsawon wannan lokaci na tara gajerun labarai guda 12 da na ƙirƙira da kaina, domin duk ranar da na shiga darasin Hausa sai in rasa abin da zan miƙa wa ɗan shekara takwas ya karanta shi kaɗai, in ban da littafin koyon karatu da ya riga ya haddace. Na karanta musu labaran a aji, na lura da inda suke dariya da inda suke fara hamma, na koma na gyara. Yanzu ina son in fitar da su a littafi, har zuciyata tana raya mini in ajiye alli in rungumi rubutu ɗungurungum. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga harkar su faɗa mini gaskiya: akwai wanda rubutun yara yake ciyar da shi, kuma ta ina ake farawa?

Tsohon Edita:

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ta farko ita ce kada ki ajiye allin nan. Idan kika duba waɗanda suka rubuta wa yaran Hausa abin da ya daɗe, za ki tarar albashi ne ya riƙe su har suka samu sukunin rubutu. Marigayi Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Dokta Rupert East, Baturen da yake shugabantar Hukumar Talifi, ya nemo shi zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce domin ɗalibai su samu abin karantawa, kuma hukuma ce ta ɗauki nauyin zamansa da bugun da rarrabawar. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, malamin jami'a ne a Kano. Ko kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, ƙarfinsa ya dogara ne ga littattafan da makarantu suke saye.

Dalilin kuwa a fili yake. Littattafan soyayya na kasuwar Kano sun bunƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1980 saboda mai karantawa ita ce mai saye. Ta tara kuɗinta ta saya, ko ta karɓi haya a wurin mai shago. Yaro ba shi da aljihu. Tsakaninki da shi akwai uba, da shugaban makaranta, da jami'in da yake tsara jerin littattafan da aka amince da su, kuma kowannensu tambayar da yake yi ita ce ko littafin zai taimaka a jarrabawa. Idan kamfani ya karɓi aikinki, abin da aka saba bai wa marubuci bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin cinikin littafin ba, ana lissafa shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, in ma an tuna da ke. Ki lissafa wannan kason a kan ɗan littafi mai shafi 24, ki gani ko zai sayi buhun masara.

Mai Zane:

Ina neman izinin Baba Edita in ƙara da abin da marubuta suke mantawa har sai sun isa ƙofar maɗaba'a. A littafin ƙananan yara, hoto yana ɗaukar rabin labarin, kuma shi ne yake cinye mafi yawan kuɗin. Bugu mai launi yana buƙatar farantin injin bugu guda huɗu a inda baƙi da fari yake buƙatar ɗaya, takarda kuma daga waje ake shigo da ita, don haka duk motsin da dala ta yi sai an ji shi a farashi. Shafuka ma ba a ganin dama ake yanke su ba: babbar takarda ake ninkewa, shi ya sa ake tsara littafin a kan shafi 16 ko 24 ko 32. Labarai 12 ba za su shiga littafi ɗaya mai hoto ba tare da an matse su sun shaƙe ba. Ki zaɓi biyu ko uku da yaran suka fi so ki fara da su.

Sannan don Allah a rubuta yarjejeniya. Na taɓa zana wa wani marubuci hotuna sama da 20 a kan alkawarin baki, littafin ya fito har bugu na biyu, ko sunana babu a bango. Ki kuma zauna da mai zanen ki nuna masa yadda murhu da rumbu da ɗaurin zani suke, domin na sha ganin littafin Hausa da aka kwaso masa hotuna daga intanet, yaran ciki ko kaɗan ba su yi kama da masu karanta shi ba.

Uwar Biyu, marubuciya:

'Yar'uwa, maganar Baba gaskiya ce, amma ba na son ta kashe miki gwiwa, domin kina da abin da yawancinmu ba mu da shi, wato aji cike da yara waɗanda ba su iya kara ba. Ni bayan sallar asuba nake rubutu, kafin gida ya tashi, kuma na buga ƙananan littattafai uku da kuɗina. Rubutun shi ne ɓangare mai sauƙi. Sauran aikin yawo ne: neman lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, bin mai buga littafi a kan ya gyara ƙ da ɗ da ɓ waɗanda kwamfutarsa take mayarwa akwatuna, da ɗaukar kwali zuwa makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu, musamman gab da bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara. A nan na fi yin ciniki, a nan kuma aka fi cin bashina. Idan a Kano kike, ki tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i kafin ki kai littafin kasuwa.

Game da gasa, kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 tana zagayowa kan adabin yara duk bayan shekara huɗu, amma da Turanci ake shiga, don haka kada ki sa ta a lissafinki. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne wa'azi. Shugabannin makarantu za su matsa miki ki rufe kowane labari da jerin darussa, alhali kakanninmu da suke yi mana gizo da ƙoƙi da daddare ba su taɓa tsayawa sun yi mana sharhi ba, kuma mun gane wanda kwaɗayi ya kai ya baro. Idan dole ne, ki sa tambayoyi uku a shafin ƙarshe domin malami, ki bar labarin ya sha iska.

Malamar Aji Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ci gaba da aikina, kuma na zaɓi labarai biyu da zan fara da su a shafi 24. Mai Zane, idan na bar bango kaɗai da launi, na yi hotunan ciki da baƙi da fari yadda yara za su iya shafa musu launi da kansu, kana ganin makarantu za su karɓa, ko kuwa za su ɗauke shi littafin wasa?