Shela a tasha: muryar na'ura ko ta mutum?

Sakatare: Salamu alaikum jama'a. Mun sayi lasifika mai cin memori don tashar mu, muna son ta riƙa faɗin motocin Jega, Argungu, Yauri da Zuru tare da gargaɗin a kula da kaya. Yarona ya ce kwamfuta na iya karanta rubutu da murya, mi kunka gani?

Baban Hanifa: Wa'alaikumus salam. Tana iyawa, tun 2023 kamfanin Meta mai Facebook ya fitar da wadda ke karanta harsuna sama da 1,100 har da Hausa. Amma Sakatare ka saurara da kunnenka kafin ka ɗora, rubutun Hausa bai nuna inda murya ke hawa da sauka ko inda ake jan wasali, sai ta yi ta cinka, in kuma ka rubuta k wurin ƙ haka za ta karanto maka shi.

Inna Mai Tuwo: Ni dai na ji irinta a wayar jikana, Kananci take yi zalla kamar mai karanta labarai. Tsohuwar da ta fito ƙauye da ƙullin kayanta ba za ta san da ita ake ba wallahi.

Kawu Direba: Gaskiyar Inna. Kuma Hausa kaɗai ba ta isa, layin Kamba akwai Zabarmawa, na Zuru akwai Dakarkari, ga Fulani ranar kasuwa. Ku nemo kamasho guda mai murya da kowa ya saba da ita ku biya shi.

Baban Hanifa: Kawu matsalar in kuɗin mota ya canza fa? Sai an sake nemo shi, ita ko na'ura layi guda za ka gyara shi ke nan.

Kawu Direba: To kar a sa kuɗi ciki mana, sunan gari da gargaɗi kawai, kuɗi kuma a bar ma masu lodi.

Mai Gyaran Rediyo: In ɗaukar muryar mutum za ku yi ku shiga cikin mota ku rufe gilasai, ku kashe inji, waya nesa da baki kamar taƙi guda kar iska ta riƙa bugawa. Kowane gari fayil ɗinshi daban. Kar ku turo ta saƙon muryar WhatsApp, yana matse sauti, ku sa a memori kai tsaye. Cigiyar yaro ko sanarwar gobara kuma a bar makirfo kusa mutum ya faɗa da bakinshi.

Sakatare: Madalla, Allah ya saka. Malam lasifikar na karɓar fayil ɗin waya ko sai an mayar MP3?

Mai Gyaran Rediyo: Galibinsu sai MP3, kawo memorin shago bayan La'asar in duba.