Me ke sa kamfanonin fasahar halittu da ke wuri ɗaya su haɗa kai alhali suna gasa?

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan yankunan da kamfanonin fasahar halittu suka yi cincirindo, kamar Kendall Square da ke daf da jami'ar MIT a Amurka, da South San Francisco, da Medicon Valley wanda ya haɗa Kopenhagen da kudancin Suwidin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙwararru iri ɗaya suke nema, masu zuba jari ɗaya suke zawarci, wani lokaci ma magani guda suke rige-rigen samarwa, amma sai a ga suna ƙulla yarjejeniya da juna. Shin kusancin wuri ne ke haifar da wannan, ko akwai dalilin da ya fi shi ƙarfi?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Wa'alaikumus salam, Malama. A ganina larura ce ta fi komai, domin samar da sabon magani yakan ci shekara goma ko fiye, kuma yawancin magungunan da aka fara gwadawa a kan mutane ba sa kai wa kasuwa. Ƙaramin kamfanin da masana jami'a suka kafa yana da ilimin, amma ba shi da masana'anta, ba shi da kuɗin gwaji a kan dubban marasa lafiya, kuma bai saba da hukumomin da ke ba da izini ba. Babban kamfani yana da duk waɗannan, sai dai sababbin dabaru ba sa yawan fitowa daga cikinsa. Genentech, wanda Herbert Boyer da Robert Swanson suka kafa a 1976, ya yi nasarar samar da insulin (maganin ciwon sukari) irin na ɗan Adam ta hanyar bakteriya a 1978, amma babban kamfanin magunguna Eli Lilly ne ya karɓi lasisi ya kai shi kasuwa a 1982 da sunan Humulin. Kowannensu ya riƙe abin da ɗayan ya rasa.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Bincike:
Malam, ban musa maganarka ba, amma ka lura cewa hedikwatar Eli Lilly a Indiyanapolis take, nesa da Kalifoniya inda Genentech yake, saboda haka misalin naka bai bayyana amfanin zama wuri ɗaya ba. Abin da cincirindo ke ƙarawa shi ne zirga-zirgar mutane. Bayan da Eli Lilly ɗin ya sayi kamfanin Hybritech na San Diego a Kalifoniya a 1986, tsofaffin ma'aikatansa suka watsu suka kafa kamfanoni da dama a birnin, kuma mutanen da suka taɓa aiki a kan teburi ɗaya ba sa bukatar dogon bincike kafin su amince da juna. Akwai kuma ilimin da ba ya shiga takarda. Mutum zai iya bin rubutaccen tsarin renon ƙwayoyin halitta sau da ƙafa, amma su mutu a hannunsa, har sai wanda ya saba ya leƙa madubin gani-har-hanji ya ce masa sun yi cunkoso, ya kamata a raba su tun jiya. Irin wannan ilimin da mutum yake tafiya, kuma dokar Kalifoniya, wadda ba ta yarda a ɗaure ma'aikaci da sharaɗin kada ya koma wurin abokin gasa ba, ta sauƙaƙa tafiyar.

Malamar Jami'a:
Kada a manta da hannun jami'o'i da hukumomi. Jami'ar Stanford ba ta keɓe wa kamfani guda lasisin fasahar haɗa ƙwayoyin gado (DNA) da Stanley Cohen da Boyer suka ƙirƙira ba, ta buɗe shi ga ɗaruruwan kamfanoni, dokar Bayh-Dole ta 1980 kuma ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. A Jamus, gasar BioRegio ta tsakiyar shekarun 1990 ta sa yankuna sun tara jami'o'i da kamfanoni da masu kuɗi kafin su nemi tallafi. Wurare irin su LabCentral, da aka buɗe a Kendall Square a 2013, suna ba ƙananan kamfanoni hayar teburi da na'urori masu tsada a zaure ɗaya. Sai dai, ɗalibata, ki bambance haɗin kai iri biyu: ana raba na'ura da horon ma'aikata cikin sauƙi, amma da zarar magana ta kai ga sinadarin da ake fatan mallaka, lauyoyi ne ke fara shiga ɗaki.

Ɗalibar Tattalin Arziki:
Na gode muku duka. Tambayar da ta rage mini ita ce ta BioNTech da ke Mainz a Jamus da Pfizer da ke New York, waɗanda suka fara aiki tare kan rigakafin mura a 2018 kafin na korona a 2020, kuma teku ce tsakaninsu. Shin hakan na nufin manyan yarjejeniyoyi ba su damu da nisa ba, ƙananan kamfanoni ne kaɗai ke dogara da maƙwabta?