Musayar Waƙa: A Gindin Ruwan Ikko

Ɗan Daura (Agege):
Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na yi nutsona na shida da tukunyar iska a bayan Tarkwa Bay, zurfin mita 12, kusan minti 40. Tun da na fito abin yake raina, sai na zuba shi a baiti. Amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ya shimfiɗa teku ya tara,
Ni da na tashi a gefen Sahara,
Yau ga ni zaune a gindin ruwa.

Na bar Agege da hayaniya,
Danfo da hon sun cika hanya,
Jirgi ya kai mu tsakar maliya,
Na ba da baya na yi faɗawa.

Tukunya a baya, dalma a ƙugu,
A kan jirgi nauyinsu ya kai buhu,
Ina nutsewa nauyin ya gudu,
Jiki ya koma kamar inuwa.

Babu waya, babu mai kira,
Numfashina kaɗai nake saurara,
Kumfa kamar azurfar ƙira,
Tana hawa sama tana buɗewa.

Wani ɗan kifi bai kai yatsa ba,
Ya zo gilashina bai tsorata ba,
Muka kalli juna, ban motsa ba,
Har ya gaji ya bi 'yan uwa.

Baba Bakabe (Idi-Araba):
Ɗana, ka tuna mini da gida. Mu a Argungu ba mu san tukunya ba.

Ɗana ka taɓa ni a zuciya,
Matan Fada ce ta yi min tarbiyya,
Gora da homa su ne dukiya,
Da numfashi guda muke nutsewa.

In ka kai ƙasa ka dafa laka,
Kunne ya toshe, sanyi ya ratsa ka,
Giwan ruwa ya goge gefenka,
Wannan daɗin ba ya faɗuwa.

Sai dai ƙirji na kira da wuri,
Kafin ka ƙoshi ka taso da sauri,
Kai ko ka zauna ka kalli gari,
Ina ma ƙuruciya na dawowa.

Hadiza (Obalende):

Yaya, ni fa ina da tambaya,
Kullum ta kan gada nake bin hanya,
Ruwan da duhu kamar na rijiya,
Me ido zai gani a wannan duhuwa?

Kuma kunnen fa, ba ya ciwo?
In iska ta ƙare wa zai kawo?
Inna ta ce teku ba wurin yawo,
Sai dai raina yana ta biyawa.

Mai Walda (Apapa):
Ƙanwata, bari in amsa, tunda da wannan sana'ar nake ci da iyali. Tsoron Inna yana kan hanya, iya ruwa fidda kai ne, shi ya sa ake fara koyo kafin a shiga.

Ruwan gada kogin Ogun ke ba shi,
Da laka da shara yake haɗa shi,
Fita teku da rani ki dube shi,
Shuɗi da kore suna haskawa.

A mita 10 matsi ya ninka,
Shi ke sa kunne ya fara suka,
Toshe hanci ki hura, ki sauka,
Zai ce ƙas, ciwon na wucewa.

Agogon iska na nan a hannu,
Daga 200 yake sauka sannu,
Ya kai 50, a yi nuni a ganu,
Babban yatsa sama, lokacin hawa.

Ba a riƙe numfashi a ciki,
Ba a shiga sai da abokin aiki,
A mita 5 a tsaya a hutar da jiki,
Minti 3, sannan a yi fitowa.

Ni aikina gindin jirgi ne,
Kankarewa da walda, duhu da yawa ne,
Amma shirun nan duk iri ɗaya ne,
Shekara 9, babu ƙosawa.

Ɗan Daura (Agege):
Malam Mai Walda, Allah ya saka. Baba, ku ne gwanaye na asali, ku da masu ɗebo yashi da bokiti a ƙarƙashin gada. Mu na'ura ce ta ɗauke mana wahala, wadda Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka haɗa a 1943. Hadiza, ga naki:

Na shiga da jar safa a hannu,
Ina sauka tana dushewa sannu,
A ƙasa launinta ya ƙi ganu,
Ja ne ke fara ɓacewa.

Abokina ya haska fitila,
Jan ya dawo, ga shi a fili ƙal-ƙal,
Dutsen da na ɗauka toka ce zalla,
Ashe da ado yake ta ɓoyewa.

Na ce Subhanallah a zuciya,
Roba a baki, ba halin murya,
Na haɗa yatsu na yi da'irar lafiya,
Ya mayar min, idonsa na darawa.

Hadiza (Obalende):
Yaya, to suturar mace fa?

Mai Walda (Apapa):
Rigar nutso daga wuya har idon sawu take rufewa, ga hula mai rufe gashi da wuya. Kuma a kwamin wanka ake fara darasi, inda ƙafarki ke taɓa ƙasa.

Hadiza (Obalende):

To zan je wa Inna da baitin nan,
In karanta mata batun ɗan kifin nan,
In ta yarda, kafin ƙarshen ranin nan,
A sa sunana cikin masu zuwa.

Baba Bakabe (Idi-Araba):
Ranar ku biyo ta Idi-Araba ku ɗauke ni. Zan zauna a cikin jirgi in riƙa kallon kumfarku.